Ku daina sayar mana da babi ɗaya sau ɗari

Wallahi abin ya ishe ni. Ina cikin masu bibiyar littattafan nan na Japan da Sin da Koriya da ake karantawa a waya, waɗanda jarumi zai mutu ya farka a wata duniya ta sihiri da takubba. Na san daɗinsu, shi ya sa takaicin ke cina. Jarumin ma'aikaci ne a Tokyo da aiki ya tsotse, ba mai kallonsa da daraja, babbar mota ta buge shi, sai ga shi jariri a gidan sarauta da hankalinsa na da. Duk wanda aka taɓa wulaƙantawa yana jin sanyi a ransa idan ya ga wanda aka raina ya zama abin tsoro. Mu da muka tashi da tatsuniyar auta mai auren 'yar sarki ba baƙin wannan daɗin ba ne.

To amma daga nan fa? Kafin babi na 30 jarumi ya fi kowa ƙarfi. Ba ya jin rauni, ba ya asarar komai, ba wanda yake so da zai mutu. Wani ɗan masu kuɗi mai girman kai zai zage shi a kasuwa, ya sha mari. Uban yaron ya zo ɗaukar fansa, ya sha kashi. Kakan ya fito daga kogon da ya daɗe yana halwa, shi ma a gama da shi. Sai a ɗauke jarumi a kai shi wata nahiya inda wani ɗan masu kuɗin ke jiransa a wata kasuwar. Haka za a yi ta juya maka abu guda har babi dubu biyu. Matan cikin labarin kuwa abin haushi ne: ba su da buri, ba su da ra'ayi, kowacce daga ganinsa ta faɗa sonsa. A wasu littattafan ma kasuwar bayi yake zuwa ya sayo yarinya, marubucin kuma yana nuna mana hakan a matsayin kirki. Haba!

Wannan ba ƙarancin basira ba ne kawai, tsarin kasuwar ne ya haifar da shi. Tun 2003 shafin intanet na littattafai mai suna Qidian na ƙasar Sin ya fito da biyan kuɗi babi-babi, kuma tsawon rubutu ne ke kawo kuɗi. Marubuci dole ya saki sabon babi kullum, in ya tsaya masu karatu su watse. Wanda ake biya da tsawo, me zai sa ya ƙare labari? A Japan ma, inda shafin Shosetsuka ni Naro ya buɗe wa kowa ƙofar rubutu tun 2004, irin waɗannan labaran sun yi yawan da a 2017 kamfanin buga littattafai na Kadokawa ya hana shigar da su wata gasarsa.

Mu masu karatu a nan mu ne ke kwana ciki. Manhajar da nake amfani da ita za ta ba ka babukan farko kyauta, sai da labari ya kama ka ta rufe ƙofa, ta ce sayi tsaba, wato kuɗin cikin manhaja da ake buɗe babi da su. Farashin tsabar da dala ake lissafa shi, kowa kuma ya san inda naira ta tsaya tun 2023. Ga data da aka amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. In ka ce ba ka da kuɗi, a tilasta maka kallon talla, ita ma datarka take ci. Bayan duk wannan ka buɗe babin da ka biya, ka tarar rabinsa 'yan kallo ne ke mamakin ƙarfin jarumi, sauran rabin kuma jerin lambobin matakin ƙarfin da ya kai. Fassarar ma ta na'ura ce ba wanda ya duba: sunan mutum ya canza a tsakiyar shafi, namiji ya koma mace a layi na gaba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne labarin da ka zuba wa kuɗi wata da watanni a wayi gari an daina fassara shi. Ba sanarwa, ba haƙuri, ba a mayar maka da ko kwabo. Ka rubuta wa masu manhajar ƙorafi, saƙon na'ura ne zai amsa maka. Wannan zalunci ne. Ku masu manhajojin nan, ku rubuta mana a fili tun a shafin farko: babi nawa ne, an kammala ko ba a kammala ba, nawa zai ci mutum daga farko zuwa ƙarshe. Littafin da kuka yasar a hanya kuma, ku dawo mana da kuɗinmu.