Tsohon harsashi ba hajar Facebook ba ne

Wata ɗabi'a ta shigo mana da ta hana ni sukuni. Sai ka ga matashi daga Gusau ko Birnin Kebbi ya ɗora hoton tsohon harsashi a tafin hannunsa, tagullar ta yi kore saboda daɗewa cikin ƙasa, yana tambayar nawa za a saya, wai ya ji a Amurka da Ingila ana biyan daloli. Nan da nan masanan waya su yi caa, wannan ya ce na Yaƙin Duniya ne, wancan ya ce kada ya kuskura ya sayar da araha.

Masu tara irin wannan kaya a can suna nan, ba musu. Gindin kwanson suke dubawa, inda ake buga alamar masana'anta da shekarar ƙira: K na kamfanin Kynoch, RL na masana'antar gwamnatin Ingila da ke Woolwich, RG na Radway Green. Abin da ke ɗaga farashi kuwa shi ne ƙarancin samfurin, da lafiyarsa, da samunsa cikin kwalinsa na asali. To harsashin .303 da yaranmu ke tonowa, irin wanda sojojin Turawa suka yi aiki da shi tun zamanin cin Sakkwato a 1903 har zuwa lokacin da kakanninmu suka je ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, an ƙera shi ne biliyoyi. Wanda ya sha ruwan damina shekara saba'in ba shi da wata daraja a wurinsu. Daloli dai babu su.

Amma ko da akwai, nan Zamfara ce. A jihar da ake ƙirga gawa bayan kowane hari, ake kama masu safarar harsasai cikin buhunan hatsi, wane mai hankali zai buɗe kasuwar harsashi ya kira ta sha'awar tarihi? Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashi ba lasisi, kuma jami'in da ya tare ka a shingen hanyar Funtuwa ba zai tsaya karanta shekarar ƙira ba. Masu cewa ai ya mutu tun da ya tsufa, ba su san abin da suke faɗa ba. Albarushi yakan yi shekaru aru-aru da ransa, ya jira wuta ko bugun guduma. Tsofaffin makaman da aka jibge ne suka tashi a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu, 2002, mutum fiye da 1,000 suka halaka. Yanzu ka tuna da yaron jari bola da ke zuba duk ƙarfen da ya tsinta cikin buhu ɗaya, a kai wa mai narkarwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne asarar da muke yi wa kanmu. Wannan alama ta gindin kwanso da ake yi wa kallon kuɗi, shaida ce. Da irin waɗannan lambobi ne masu bincike na ƙungiyar Conflict Armament Research, mai bin diddigin makaman yaƙi, suka bi sawun makaman da aka kama a Zamfara, Katsina da Kaduna, a rahotonsu na 2020, suka gano wasu daga Libiya suka fito, wasu daga rumbun jami'an tsaronmu. Duk kwanson AK-47 da aka tsince a ƙauye bayan hari aka sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli, an goge wata hanya ce da za ta iya kai mu ga mai sayar wa 'yan bindiga. Jininmu ne a kan wannan tagulla, kuma ana auna ta da kilo.

Na tarihi kuwa yana da gidansa. Gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar Sarkin Kabi da aka gina a 1831, yana ajiye da masu, takubba, kwari da baka da bindigogin gargajiya. Can ya dace da harsashin zamanin Turawa, bayan ƙwararru sun cire masa albarushi, a rubuta gonar da aka same shi.

Ya kamata cibiyar gwamnatin tarayya ta hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ta fito ta yi magana da Hausa a rediyo. A ba masu unguwanni da dagatai damar karɓar abin da aka tsinta su miƙa wa 'yan sanda, kuma a tabbatar wa manomin da ya kawo cewa ba zai kwana a caji ofis ba, domin tsoron haka ne ke sa shi jefawa cikin buhun yaron jari bola.