Ruwan Da Muke Saye Da Fetur Ake Cewa Muna Ɓarnatarwa

Ranar Talatar da ta wuce aka ci mutuncina a cikin lambuna, a gaban 'ya'yana da yaran da ke taya ni aiki. Da sanyin safiya na tayar da inji, tiyo na zuba a fangalin albasa, sai ga wani matashi ma'aikacin rabon ruwa a kan babur, riƙe da takarda. Ko sallama bai yi ba. Yana daga kan babur ɗin ya nuna ni da makulli ya ce, "Kai, kashe injin nan!"

Na ce, "Sannu da zuwa, Yallaɓai. Lafiya dai?"

"Yau ba ranarku ta ban ruwa ba ce. Ku manoman nan ba ku san darajar ruwa ba, ɓarna kawai kuka iya."

Yaron da na haifi kamarsa nake ce wa Yallaɓai, shi yana ce mini kai. Na danne zuciyata na tambaye shi yaushe aka sauya ranar, wa kuma aka faɗa wa. Ya ce an yi sanarwa a ofis. Na ce albasar nan ta fara ƙosawa, in ta sha ƙishirwa yanzu shi ke nan. Ya sauko, ya taka mini dashen tattasai da takalminsa, ya miƙa hannu ya kashe injin da kansa. Sannan ya ce tara ce a kaina. Na ce to, a rubuta mini rasit. Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ka cika surutu, mu daidaita kawai." Da maganar kuɗi ta zo ne na zama Baba!

Ni ne ban san darajar ruwa ba? Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Duk ɗigon da ya shiga lambuna sai da fetur ya ƙone a kansa. Shi ya sa muke ban ruwa da asuba ko da yamma don kada rana ta shanye, muke rufe gindin tumatir da ciyawa, muke toshe fangali da zarar ya cika. Kakanninmu da jigo suka ja ruwa guga-guga, ba wani mai takarda da ya koya musu tattali.

Kada a ce mun ƙi doka. Muna son a tsara rabon ruwa, domin mu ne ke faɗa da juna idan na sama ya tare, na ƙasa ya bushe. Mun ga yadda rijiyoyin fadama ke ja da baya tun watan Maris. Amma dokar da ba a sanar da kai ba sai ranar cin tararka, wannan ai tarko ne.

Tun 1984 aka gama madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola. Daga can garin Gombe ke shan ruwa, har wutar lantarki ake samarwa. Sama da shekara 40 ke nan, gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da alƙawarin noman rani, amma ƙaramin manomi yana nan da tsohon injinsa da tiyo mai faci. Ku je ku ga hanyoyin ruwan da yashi da ciyawa suka cike, mu ne ke haɗa kuɗi mu yashe. Masu hali sun haƙa burtsatse a manyan gonakinsu suna zuƙa dare da rana, ba mai babur ɗin da ya isa ya tsaya a ƙofarsu. A taro sai a ce mu koma ban ruwa na ɗigo-ɗigo da injin sola. Mun yarda, muna so! Da wane kuɗin? Wanda dillali ya bar mana bayan ya yi wa kwandon tumatir tayin wulaƙanci a kasuwar Kwadon?

Ku kuma mutanen birni, duk ranar da tumatir da attaruhu suka yi tsada, manomi kuke zagi, ba mai tambayar nawa aka ƙona kafin kwandon ya cika. 'Ya'yanmu suna kallo, shi ya sa suke tafiya acaɓa a Gombe. A kira mu a zauna, a tsara ranakun ruwa tare da mu, a ba mai unguwa ya sanar, a liƙa takardar a ƙofar masallaci. Wanda ya saɓa bayan haka a ci shi tara, a ba shi rasit.