Ana karɓar kuɗin tasha, wurin ɗaure jirgi babu

Ranar kasuwa muka taso daga Yelwan Yauri a jirgi mai inji, ni da Inna da buhunan albasa 6. Tafiyar ko awa ɗaya ba ta kai ba. Neman inda za mu tsaya a bakin gaɓa shi ya ci mana kusan awa 2, rana na dukanmu tsakar ka.

Turaku 3 kacal na gani a tashar, jirage kuwa sun yi cunkus, kowa ya ɗaure a jikin ɗan'uwansa. Matuƙinmu ya zagaya ya sake zagayowa, mai na ƙonewa, kainuwa na naɗe masa farfela. Aka daka masa tsawa wai ya matsa gaba, ya ƙi, kuma da gaskiyarsa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan itatuwan suna nan a ƙarƙashi. Duk Basarke ya san guda ɗaya ya isa ya farke cikin jirgi.

Daga ƙarshe ya ɗaura igiyarsa a wutsiyar jirgin wani. Muka tsallake jirage 3 muna rarrafe, sannan muka diro cikin caɓi har gwiwa. Inna goya ta na yi. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, a gaban jama'a, zaninta ya ɓaci, takalminta ɗaya ya zauna a laka! Buhu ɗaya ya faɗa ruwa, kuma albasa in ta jiƙe sai ruɓa.

Ban gama sauke ta ba sai ga wani da 'yar takarda a hannu. "Malam, kuɗin tasha."

Na ce, "Bawan Allah, ina tashar take? Nuna mini ita in biya ka."

Inna ta riƙo hannuna. "Ƙyale shi, ɗan nan, ba shi mu wuce." Na biya, raina na tafasa.

Kowace kasuwa ana karɓar kuɗin nan daga kowane jirgi. Ina suke shiga? Katako nawa ne za a shimfiɗa mutum ya taka, turke nawa ne za a kafa? Bayan hatsarin da ya ci rayuka masu yawa kusa da Wara a Ngaski a 2021, na ɗauka za a daina wasa da mu a ruwan nan. Ko rigar kariya ɗaya ban gani a jirginmu ba. Da yamma kuma haka na sake goya Inna cikin caɓin, duhu na shigowa, mai takardar na zaune a tudu yana ƙirga kuɗi.