Wai "Ai Ba Ya Jin Hausa"

Waɗanda muka je sunan nan na ranar Asabar tare sun san inda na dosa, ba sai na kama suna ba. Har yau abin na ci mini rai. Tsohuwa ta taso tun daga ƙauye, ta wuni a motar haya, da ƙullin daddawa da kuka da ƙuli-ƙulinta na tsaraba. Tana hango jikanta ɗan shekara shida ta washe baki: "A'a, ga angona! Zo nan maigida, ina kuɗin cefanena?" Yaro ya ɗago kai daga waya, ya dube ta sheƙeƙe, ya mayar da kai kan katun ɗinsa. Sai uwar ta kwashe da dariya: "Ai Hajiya, ba ya jin Hausa."

Da fara'a fa ta faɗa. Ka rantse albishir take yi ɗanta ya sauke Alƙur'ani.

To madalla, Allah ya sanya alheri. Uba Bahaushe, uwa Bahaushiya, a Kaduna aka yanke wa yaro cibiya, amma ba ya jin Hausa. Ku biyu da Hausa kuke faɗa, da Hausa kuke gulmar dangi, da Hausa kuke neman ragi wajen mai nama, sai an juyo kan yaro harshe ya karye. Ku daina cewa ba ya ji. Ku ce kun hana shi ji. Yaro ba ya zaɓar harshe a cikin ciki, abin da aka zuba masa a kunne shi yake ɗauka, ku kuwa kun miƙa kunnen nasa ga YouTube tun bai iya zama ba.

Na san yanzu za a cika mini ƙasan rubutun nan da "ai Turanci ne harshen jarrabawa, da shi ake WAEC da JAMB." Wa ya ce kar ya koyi Turanci? Marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, da ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai wanda ya fi shi sarrafa Turanci a cikinku? In kuma ya juya Hausa sai ka ajiye abin da kake yi ka saurara. Can Ile-Ife, tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da 'yan firamare shekara shida da Yarabanci, yaran nan ba su zama koma-baya a Turanci ba, sun ma tsere wa takwarorinsu. Wai kuma harshe biyu zai rikita yaro. Ku je Yola ku ga ɗan shekara biyar yana Fulatanci da kakarsa, Hausa da abokan wasa, Turanci a aji. Ku je Zangon Kumasi ku ji. Duk ba su rikice ba sai naku ɗan gwal?

Gaskiyar magana ba don jarrabawa kuke yi ba. Don a ce kun waye ne. Yaro ya zama kamar sabuwar mota, abin nunawa a taro. BBC tun 1957 take watsa shiri da Hausa, ana karantar da ita a jami'o'in Jamus da Sin, Nijar ta ayyana ta harshen ƙasa a 2025, amma a falonku ta zama harshen 'yar aiki da mai gadi.

Ni fa ba dariyar ce ta fi ƙona mini rai ba, shirun tsohuwar ne. Ta ɗan yi murmushin yaƙe, ta gyara lulluɓi, ta ce "Allah ya raya." Ko amin bai ce ba, don bai san addu'a aka yi masa ba. Wasan jika da kaka da muka taso a cikinsa, a ce da kai miji, a ce da ƙanwarka kishiya, ka saci goron kaka ta bi ka da tsiya, duk an rufe masa wannan ƙofar. Wa zai ce masa "ga ta nan, ga ta nanku" ya amsa? Matar nan saura shekara nawa gare ta? Ran da ta rasu zai zauna cikin 'yan zaman makoki kamar baƙo, ana ba da labarinta ba ya fahimtar ko kalma ɗaya. Wallahi na tausaya masa, shi ba shi da laifi. Kun hana shi ji, shi ke nan.

Af, tunda ana maganar sunan. Wa ya kawo mana wannan yayin na raba abinci a 'yar roba mai murfi, shinkafa cokali uku da cinyar kaza kamar ta tantabara? Ina masa da miyan taushe? Ina fankasau? Ni da yunwata na dawo gida, sai da na tsaya wajen mai tsire a bakin titi.