Ku daina ce wa Wanda Jackson budurwar Elvis

Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, na shiga YouTube ina bin tsofaffin waƙoƙin Amurka. Mu da muka tashi muna jin Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton a rediyo da kaset ɗin direbobi, wannan ciwon ba ya barinmu. Ina cikin haka aka jefo min wani tsohon bidiyo, baƙi da fari. Wata yarinya ce siririya da ba ta fi shekara 21 ba, ta rataya jita, rigarta duk geza. Ta yi murmushi kamar ba za ta iya kashe ƙuda ba, tana buɗe baki sai ga wata murya mai gurnani kamar an sa zarto a ƙarfe. Na maimaita ya fi sau biyar.

Wanda Jackson ke nan. Abin da ya ɓata min rai, duk inda ka duba labarinta, kafin a gaya maka me ta rera sai an fara gaya maka cewa ta taɓa soyayya da Elvis Presley, har ya ba ta zobe. Mace ta yi sama da shekara 60 tana hawa dandamali, amma a ce abin da za a fara tunawa da ita shi ne saurayin da ta yi na shekara guda? Haba jama'a!

Ba na musun rawar da Elvis ya taka. A 1955 aka haɗa su yawon wasa tare, lokacin shi ma bai gama fashewa ba. Shi ya zaunar da ita, ya kunna mata faya-fayan da yake sauraro, ya ce ta gwada sabon kiɗan da matasa suke hauka a kai. Kiɗan nan shi ake kira rokabili, wato an auri waƙar ƙauyen fararen fata na kudancin Amurka da kiɗan bulus na baƙaƙen fata, aka ƙara masa sauri da tsalle. Ita kanta ba ta taɓa ɓoye wannan ba, ta sha ba da labarin a gaban 'yan kallo, kuma a 2006 ta fitar da faifai guda don tunawa da shi. Amma shawara ya ba ta. Ba shi ya ba ta murya ba, kuma ba a hannunsa ta koyi sana'a ba.

Ranar da suka haɗu, Wanda ta riga ta zama mawaƙiya. An haife ta a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Maud a jihar Oklahoma, ranar 20 ga Oktoba 1937. Talauci ya kora iyayenta zuwa Kalifoniya kamar dubban mutanen jiharsu a wancan zamani. A can mahaifinta Tom, wanda shi ma yana taɓa kiɗa, ya saya mata jita tana 'yar shekara 6. Yakan ɗauke ta zuwa wuraren rawa su kalli su Bob Wills da Spade Cooley. In ana neman wanda ya fara sa mata sha'awar dandamali, to mace ce, Rose Maddox, wadda take waƙa da 'yan'uwanta maza cikin kaya masu walƙiya, tana ihu tana raha ba ta jin kunyar kowa. Wanda ta gan ta ta ce ita ma abin da za ta zama ke nan.

Da suka koma birnin Oklahoma, ta ci wata gasar waƙa, gidan rediyon KLPR ya ba ta fili nata na kanta tana 'yar makaranta. Ta nan Hank Thompson, babban mawaƙi mai ƙungiyar makaɗa, ya ji ta ya kira ta. A 1954, tana da shekara 16, waƙar da ta yi da Billy Gray ta kai mataki na 8 a jerin waƙoƙin ƙauye na ƙasar baki ɗaya. Ku lura da shekarar. Ba ta ko ga Elvis ba tukuna. Thompson ya so kamfanin faya-fayai na Capitol ya ɗauke ta, amma mai tace waƙoƙinsu Ken Nelson ya ƙi, hujjarsa wai faifan mata ba ya sayuwa. Sai Decca suka ɗauka. Shekara biyu bayan haka Capitol ɗin suka dawo suka sa hannu da ita.

Akwai wata da ba a cika ambata ba, mahaifiyarta Nellie. A lokacin, mace mai waƙar ƙauye shigar matan makiyaya take yi, buje har ƙasa da takalmin fata da malafa. Wanda ta ce ita ba za ta sa ba. Ita take zana irin rigar da take so, uwar ta hau keke ta ɗinka: matsattsiya, mai siririn hannu, da geza da ke rawa ko ita ba ta motsa ba. Da ta je Grand Ole Opry, wanda shi ne babban zauren waƙar ƙauye a Nashville, babban mawaƙi Ernest Tubb ya ce ba za ta hau da kafaɗa a waje ba, dole ta yafa kwat a kai. Ta hau ta yi waƙarta cikin ɓacin rai, ta kuma yi shekaru masu yawa ba ta sake taka wurin ba. Kana iya cewa Tubb yana da gaskiyarsa, ni ma ba rigar nake karewa ba. Abin da nake nunawa shi ne, kamannin da duniya ta san ta da su a ɗakin uwarta aka ƙera su.

Sai maganar baƙaƙen fata, wadda masu labarin zobe suke tsallakewa. Gurnanin nan da take yi daga kiɗansu ya fito. Waƙar da ta fi ɗaga ta a waje, Fujiyama Mama, wata baƙar fata ce mai suna Annisteen Allen ta riga ta rerawa. Kuma a ƙarshen shekarun 1950 mai buga mata fiyano baƙar fata ne, Big Al Downing, a zamanin da akwai garuruwan da ba zai ci abinci teburi ɗaya da ita ba, ba zai kwana otal ɗaya da sauran makaɗan ba. Yarinya farar fata daga Oklahoma ta tsaya dandamali ɗaya da shi dare bayan dare. A ganina wannan ya fi zoben nauyi nesa ba kusa ba.

Abin dariya kuma abin takaici, Amurka ba ta saya ba. Gidajen rediyo sun rasa inda za su ajiye mace mai irin wannan murya. Kamfanin ma raba ƙafa ya riƙa yi, gefe ɗaya na faifai waƙar ƙauye, ɗaya gefen rokabili, wanda ya kama shi ke nan. Fujiyama Mama ba ta yi komai a gida ba, sai ga ta ta zama ta ɗaya a Japan, duk da cewa a cikinta an ambaci Hiroshima da Nagasaki, garuruwan da Amurka ta jefa wa bam ɗin nukiliya shekara 13 kacal kafin nan. A 1959 ta je can aka karɓe ta kamar sarauniya. Let's Have a Party kuwa tun 1958 ta naɗe ta, sai a 1960 ta shiga cikin 40 na farko a Amurka, lokacin kasuwar rokabili ta riga ta watse.

To me za ta yi? Ta koma waƙar ƙauye, inda abinci yake. A 1961 ta auri Wendell Goodman, ma'aikacin kamfanin kwamfuta na IBM, ya bar aikinsa ya zama manajanta har ya rasu a 2017. Ta yi waƙa da Jamusanci a 1965 ta karɓu a can. A 1971 ita da mijin suka rungumi addininsu na Kirista da gaske, ta juya ga waƙoƙin coci, abin da ya raba ta da Capitol. Wasu masoya rokabili suna ganin shekarun nan asara ce. Ni ban ga asara ba. Janis Martin, wadda kamfanin RCA ya tallata da sunan Elvis mace, suna jin tana da ciki suka sallame ta tana 'yar shekara 17 ko 18, tauraronta ya dushe. Wanda ta tsira ne don tana da ƙafa fiye da ɗaya, kuma ba ta yarda an ɗaure ta a jikin sunan wani ba.

Turawan Turai ne suka tono ta. A tsakiyar shekarun 1980 matasan Suwidin da Ingila da Jamus suka koma wa tsohon kiɗan, suka gayyace ta, ta tarar da yaran da ba a haife su ba lokacin da ta yi waƙoƙin sun haddace su tsaf. A 1995 mawaƙiya Rosie Flores ta ja ta yawon wasa a cikin Amurka, sannan 'yan gida suka farga. Zauren karrama mawaƙan rok da ke Cleveland bai sa ta ba sai 2009, bayan irin su mawaƙin Ingila Elvis Costello sun yi ta ƙorafi. Ko da suka sa ta, a rukunin waɗanda suka share fage suka ajiye ta, alhali Elvis Presley da suka hau dandamali ɗaya yana ciki tun 1986 a sahun gaba. Shekara 23 tsakani.

A 2011 mawaƙi Jack White, wanda ta girme masa nesa ba kusa ba, ya shirya mata sabon faifai tana da shekara 73, muryar ta ɗan dushe amma gurnanin yana nan. Ta daina yawon wasa a 2019 saboda jiki ya ƙi. A 2021, tana da 83, ta fitar da na ƙarshe tare da Joan Jett, ɗaya daga cikin matan da suka taso a kan hanyar da ta fasa. Da na je neman labarin wannan faifan, rahoto na farko da na buɗe, layi na biyu, sai ga zoben.