Ga Wani Janar Na Kan Tebur

A cikin masu wasan yaƙin kan tebur, wato masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi da 'yan sojojin dalma, akwai wani bawan Allah, wanda ba zan kama sunansa ba, da ya naɗa wa kansa rawanin masanin yaƙin basasar Sifaniya don kawai ya fi kowa tara akwatunan sojojin dalma. Labari ya iso mini cewa yana bin sababbin shiga yana gaya musu wai wasu sukan shafe wata shida suna fentin bataliya guda, alhali shi cikin mako biyu ya tsayar da runduna sukutum. Bai yi ƙarya ba, domin wata shidan aka yi, sai dai rabinsu a kan karatu suka tafi.

Duk wanda ya sunkuya ya dubi rundunar mako biyun zai ga abin al'ajabi. Sojojin Maroko da ake kira Regulares, waɗanda jiragen Jamus da na Italiya suka taimaka wajen tsallakar da su zuwa kudancin Sifaniya a 1936, sun fito a teburinsa sanye da jar hular Requetés, wato mayaƙan Katolika masu goyon bayan sarauta da suka fi yawa a Navarra. A wurin malam, ja dai ja ce, bai ga abin da ya raba jar dara da rawanin Bamaroke da hular mutanen arewacin Sifaniya ba. Da aka yi masa magana cikin ladabi, sai ya ce ai duk ɓangaren Franco ne, wato janar ɗin da ya jagoranci masu tawaye wa gwamnati, kamar dai zama ɓangare ɗaya yana sa mutane su yi musayar hula. Haka ya shirya mana yaƙin garin Teruel da koren ganye da sojoji cikin rigar bazara, yaƙin da aka fara a Disamba 1937 cikin dusar ƙanƙara da sanyin da ya daskarar da ƙafafun mutane.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne zancen tankoki. Janar ɗinmu ya kafe a kan cewa dole dokar wasa ta bar Panzer I, tankar Jamus ta ɓangaren Franco, ta fasa T-26, tankar ɓangaren gwamnati, daga nesa, har ya buga tebur gidajen kwali suka zube. Panzer I ba ta da igwa, mashin-gan biyu kawai take ɗauke da su, ita kuwa T-26 da Tarayyar Sobiyet ta sauke a tashar jiragen ruwa ta Cartagena cikin Oktoba 1936 igwa mai milimita 45 gare ta. Ranar 29 ga wannan watan, a garin Seseña, da kwalaben fetur sojojin Franco suka tare ta a lungunan gari, kuma daga baya har ladan peseta 500 aka sa ga duk wanda ya kamo ɗaya da ranta. Da Panzer tana iya abin da malam yake nema daga gare ta, da ba a buɗe lalita ana sayen tankar abokan gaba ba. Dokar ba ta zalunce shi ba, tarihin ne ya ƙi bin son ransa.

Ba zan tsawaita a kan tef ɗinsa na awo ba, wanda inci 12 yakan zama 14 idan dakarunsa ne za su matsa, ko a kan ɗan ludonsa da kullum yake faɗawa a karkace idan lamba ɗaya ta fito, a ce sai an sake jefawa. Masu ido sun gani, kawaici ne ya hana su magana, kuma mai kaza a aljihu ya san dalilin da ya sa ba ya jimirin as.

Ranar Asabar zan shimfiɗa yaƙin Guadalajara na Maris 1937, inda rundunar Italiya ta sha kashi, da taɓonsa da ruwan samansa, da 'yan tankokin CV-33 na Italiya jere a kan hanya ɗaya ba su da wurin kaucewa. Na keɓe wa wani mutum rundunar Italiya, tunda ya ce babu rundunar da ba zai ci nasara da ita ba. Tef ɗina za a yi awo da shi, kuma a cikin faranti za a jefa ɗan ludo.