Harajin shekarar korona: da me kuke so mu biya?

Wata rana a 2021 da hantsi ina zaune a shagona a Mabera, cikin Sakkwato, na ɗora shaddar wani ango a kan keken ɗinki, sai ga samari uku sun faɗo. Ba sallama. Wallahi ba sallama, a garin Shehu. Na gabansu, yaron da ɗana na biyu ya girme shi, yana riƙe da littafin rasit, biro a bayan kunne. Ya ɗora takalminsa a kan bencin da masu kawo ɗinki ke zama, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ad da shagon ga?"

Na ce, "Wa'alaikumus salam, samari. Ni ad da shi."

Ko a jikinsa. Ya lashi yatsa, ya buɗe littafi, ya ce ana bina kuɗin shago da na allo da na shara, na bana da na bara, ga kuma tara a kai saboda na makara.

Na ce, "Na bara? Shekarar korona?"

Ya ce, "To mi korona ta yi? Ita tac ce kar a biya haraji?"

Na haɗiye abin da ya taso mini. Yarana biyu masu koyon aiki suna tsaye, ga wata dattijuwa maƙwabciya ta kawo gyaran zane tana jira. Na sassauta murya na ce, "Ɗana, zauna in gaya maka. Ni ɗinkin kayan makaranta ne rabin abincina. Tun watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, har damina ta wuce ba a buɗe ba. Wa zai ɗinka wa yaro yunifom yana zaune gida?"

Ya ce, "Ni ba ɗanka ba ne, kuma ba tarihi anka aiko ni ji ba."

Na ce ya ɗaga mini ƙafa zuwa ƙarshen wata, in biya na bana, na bara kuma in je ofis in yi bayani. Sai ya yi dariya, ya juya wurin abokansa ya ce, "Kun ji dattijo, wai ofis. Kai wa ka sani ofis?" Ya yi musu alama da haɓa. Ɗaya ya zaro sukudireba daga aljihu, ashe da shirinsu suka zo. Ina kallo ya zare bel, ya kwance kan keken, shaddar mutane tana maƙale a ƙarƙashin allura, zare ya biyo shi har ƙofa. Da na miƙa hannu in ciro shaddar kar ta yage, mai littafin ya buge mini hannu da biro, ya ce, "Kar ka taɓa kayan gwamnati."

Kayan gwamnati! Keken da na saya da gumina tun kafin a yaye shi, shi ne ya zama kayan gwamnati cikin minti ɗaya. Dattijuwar nan ta ce, "Haba ɗiyan nan, ku ji tsoron Allah." Ya ce mata, "Inna, tsoron Allah ba ya shiga rasit." Wannan kalmar ce ta hana ni barci, ba keken ba.

To tunda gwamnati ta san ƙofar shagona haka, har ta san inda nocin kekena yake, ina take a 2020? A tsakiyar azumi, ranar 4 ga Mayu, aka sa dokar hana fita daga takwas na dare zuwa shida na safe a duk ƙasa. Kowane tela ya san abin da daren goman ƙarshe yake nufi: a nan ake kwana kan keke, a nan ake samun kuɗin haya na shekara. Aka kulle Kano, aka hana tafiya tsakanin jihohi, yadin Kantin Kwari ya daina zuwa, wanda ya sato hanya ya iso kuwa sai ya zo da kuɗin shingaye a kansa. Iyakar Illela dama tun Agustan 2019 take rufe, mutanen Ƙonni da ke kawo mana ɗinki sai labari, ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020. Hajji bai yiwu ba, maniyyata ba su ɗinka komai ba. Muna murnar mun ga bayan shekarar, sai gobara ta tashi a Babbar Kasuwa cikin Janairun 2021. Duk wannan ba wanda ya shigo da littafi ya tambaye ni ko yarana sun karya kumallo.

A rediyo kuwa, tallafi ya yi ta zuba. An ce an tsara shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3. An ce Babban Banki ya ware biliyan 50 don magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, sai daga baya mutane suka gane bashi ne mai ruwa, ba kyauta ba, kuma malamai sun sha gaya mana hukuncin ruwa. An ce akwai biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i, mai aikin hannu zai samu dubu 30. Dubu 30, sau ɗaya, ga mutumin da sana'arsa ta kwanta wata da watanni! Shi ma sai ka shiga intanet, ka cika fom da Turanci, ka sa lambar BVN. Tela ɗan shekara sittin da ƙaramar waya mai tocila, ina shi ina fom? Muka yi ta layi a shagunan kwamfuta muna biyan kuɗin cikewa. Masu kwamfuta dai sun ga tallafi, daga aljihunmu. A layinmu na teloli har yau ban ga wanda ya nuna mini alat ba.

Amma wajen karɓa, babu fom, babu intanet, babu Turanci. Da ƙafa ake zuwa, da Hausa tsantsa, da sukudireba.

Ana saura makonni cutar ta shigo, ranar 1 ga Fabrairun 2020, aka ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 7.5. Cuta ta zo, ba wanda ya ce a mayar da shi ko na wata uku. Suka ce ai dokar lokacin ta yafe wa kamfanin da cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba. Madalla. To zare da allura da man keke da katin waya, wa ke biyan harajin da ke kansu in ba ni ba? Kenya ta rage nata daga kashi 16 zuwa 14 a lokacin. Kar ma a je nesa, nan Nijar da muke raina wa talauci, gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na wata biyu. Mu kuwa a Satumban shekarar aka ƙara kuɗin wuta, fetur da aka sauke zuwa naira 125 a Maris ya haura 160 kafin shekara ta ƙare. Ƙasar ta karɓo dala biliyan 3.4 daga asusun lamuni na duniya da sunan annoba. Bashin da sunanmu aka ci, biya kuma wuyanmu zai hau.

Kuma kowa ya ga abin da ya faru a Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Legas da Kalaba. Buhunan shinkafa da sukari da katon-katon na taliya, an rubuta a jikinsu ba na sayarwa ba ne, an jibge an kulle, alhali mata na dafa ruwa su yaudari yara har barci ya ɗauke su. Da asiri ya tonu aka ce wai ajiya aka yi don zagaye na biyu na cutar. Yunwar zagaye na farko fa, wa aka ajiye wa ita?

Ni ban ce kar a biya haraji ba, kakanninmu sun biya jangali da kuɗin ƙasa. Amma mai son ɗan kwarai ya auri isasshiya: gwamnatin da ke son haraji ta fara barin sana'a da rai. A yafe bashin 2020 ga duk mai ƙaramin shago, a faɗa a rediyo da Hausa kowa ya ji, a daina turo mana yaran da ba a koya wa gaisuwa ba. Mu ma talakawa da laifinmu. Maƙwabta sun cika ƙofa suna kallo, ba wanda ya ce uffan sai tsohuwa. Ƙungiyoyin sana'a kuma ba ka jin ɗuriyarsu sai ranar karɓar kuɗin wata. In zaɓe ya matso, waɗanda suka kulle shinkafar nan za su fito da turmin atamfa mai hotonsu da sabulu, mu yi layi cikin rana muna tafi, kuma mu teloli za a kawo wa ɗinkin rigunan kamfe, shi ma bashi.